Kunnen Wa Aka Auna?

Da hutun Babbar Sallah wani abokina injiniya ya zo gida Saminaka, a ƙasar Lere, da iyafis a cikin 'yar jakar fata, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Kuɗin da ya ce ya saye shi sun isa sayen babur. Kafin ya bari in sa a kunne sai da ya nuna mini wani zane a waya, layi mai hawa da sauka, ya ce ga shaidar cewa sautin abin daidai yake. Na ce to, kunne ya ji. Na sa waƙar Shata daga memorin da masu turin waƙa suka cika mini a bakin kasuwa. Abin da ya fara isowa shi ne shuuu ɗin tsohon kaset, tamkar yayyafi a kan kwano. Muryar Shata ta yi siriri, ta rasa kaurinta, tana sukar kunne, kalangai kuma suka zama fata ba tsoka. Abokina ya ce laifin ɗaukar ne. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ita wannan ɗaukar nake saurara, kuma Shata ya rasu tun 1999, ba mai mayar da shi sutudiyo.

Ba da iyafis mai tsada nake faɗa ba. Faɗana da kalmar "daidai" ne, da yadda masu ilimi a cikinmu suka miƙa kunnuwansu ga zane.

Ga abin da zanen ba ya faɗa. Sautin da ya taso daga bakin mawaƙi ba ya isa dodon kunne yadda ya fito. Kai da ganyen kunne da ramin kunne suna ƙara masa ƙarfi, musamman wajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, wato haz 3,000. Iyafis da ake cusawa ciki yana tsallake ganyen kunne ya toshe ramin, don haka dole maƙerinsa ya mayar da wannan ƙarin da hannunsa. Nawa zai mayar? Kunnuwa sun bambanta kamar yatsu. Saboda haka kowane iyafis zaɓi ne na wani mutum, ko an rubuta hakan a kwali ko ba a rubuta ba.

Layin da abokina ke taƙama da shi ya fito ne daga kamfanin Harman na Amurka, inda Sean Olive da abokan aikinsa suka yi shekaru suna zaunar da mutane, suna canza musu sauti ba tare da sun ga na'urar ba, suna tambayar wanne ya fi musu daɗi. Aiki ne mai nagarta, kuma ya fi tallan 'yan kasuwa gaskiya nesa ba kusa ba. Amma a lura da tambayar: wanne ya fi daɗi. Sakamakon matsakaicin son mutane ne. Su kansu masu binciken, da suka karkasa masu sauraron hedfon mai rufe kunne, sun iske kashi 64 cikin ɗari ne suka fi son layin yadda yake, kashi 15 na son ƙarin bes, kashi 21 na son ragi. Ke nan fiye da mutum ɗaya cikin uku ya kauce. Babban gwajin da suka yi a ƙasashe daban-daban kuwa ya tattaro mutanen Amurka da Kanada da Jamus da Sin ne, da waƙoƙin da aka ɗauka a manyan sutudiyo. Ba a ɗora wannan layi a kan kotso ko kukuma ba.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin waƙar Bahaushe magana ce da aka ɗora a kan kiɗa. Wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo bai kama baitin ba, bai saurari komai ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya cika fili, ba tare da wani ƙugi na ƙasa ba. Harshenmu kansa a kan karin sauti yake tafiya: kukan yaro da kukar miya, hawa da saukar murya ne ya raba su, kuma wannan hawa da saukar kalangu ke kwaikwayo idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata. Duk wannan dukiya tana zaune a tsakiyar sauti, daga wajen haz 200 zuwa 'yan dubbai. A ƙasan wannan tsakiya kaurin murya yake. Layin Harman na cikin kunne yana ɗaga ƙugin can ƙasa, ya ɗaga saman murya, ya bar kaurin a rame. Ga waƙar zamani mai gangar kwamfuta, madalla. Ga tsohon faifai da aka kwafa daga kaset zuwa kaset, sannan aka matse shi don ya wuce ta Xender, abin ya zama tonon asiri.

Kada 'yan kasuwar waya su yi murna, don nasu laifin ya fi muni. A can kalma ɗaya ake tallar iyafis da ita: yana da bes. Ƙaramin sauti mai ƙarfi yana danne wanda ke samansa, haka kunne yake, shi ya sa idan bes ya malalo cikin murya sai baƙaƙe su dusashe, mai sauraro ya yi ta ƙara sauti yana neman kalmar da ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Mai neman baiti a ƙarƙashin bes, a cikin motar haya, yakan wuce wannan iyaka bai sani ba.

Za a ce to ai tsadar ba a banza take ba. Wani ɓangarenta gaskiya ne: ƙira mai ƙarko, waya mai cirewa, daidaiton hagu da dama. Amma kamfanonin Sin sun riga sun nuna cewa bin layin ba shi ne mai tsada ba, tunda akwai iyafis na kusan dala 20 da ke binsa sau da ƙafa, yayin da IE 900 na Sennheiser ya fito a 2021 a kan wajen dala 1,300 bai ma damu da binsa ba. Shi ma ma'aunin da ake zana layin da shi, ramin kunne ne na ƙarfe, kuma bayan haz 8,000 zuwa 10,000 maganarsa ba abin rantsuwa ba ce. Robar da ke bakin iyafis kaɗai, idan ba ta toshe kunne sosai ba, tana iya zubar da bes fiye da bambancin da ke tsakanin na'urori biyu masu tsada.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu da muka yi boko mun iya karanta zane, sai muka ji kunyar yarda da kunnenmu. Mutum ya tashi da rediyon Kaduna a gidansu, ya san yadda muryar Sa'adu Bori ko ta alaramman unguwarsu take, amma ya bar baƙo a intanet ya gaya masa abin da ya kamata ya ji daɗinsa.

Da yamma na karɓi wayar abokin nawa, na buɗe manhajar daidaita sauti, na rage wajen haz 3,000 kaɗan, na ƙara wajen 250, na sassauta na sama. Na mayar masa da Shata. Ya yi shiru har amshi ya zagayo sau biyu, sannan ya ce in bar masa shi a haka, amma kada in goge saitin farko.