Barkiya da Ruwan Zobe

Barkiya ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kurfi, maƙwabciyar Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Garin manoma ne, kamar sauran garuruwan yankin: gero da dawa da wake da gyaɗa da damina, sa'an nan da rani samari su kama hanyar ci-rani. Sunan garin ya ƙara fitowa a 2019, lokacin da Injiniya Kabir Abdullahi Barkiya ya zama Sanatan Katsina ta Tsakiya, har zuwa 2023. Amma mu dai ba sarauta ko kujera muke son dubawa ba. Ruwa muke son dubawa.

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu. Sauran watannin shekara gona a bushe take, sai mai fadama. Saboda haka ne aka gina Madatsar Ruwa ta Zobe a kan Kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, aka gama ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, tun Katsina na cikin Jihar Kaduna. Manufa biyu ce: ruwan sha da noman rani. To, ruwan ya yi ta kwanciya shekara da shekaru, gwamnatoci na zuwa suna wucewa, noman ranin bai kai yadda aka tsara ba. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin tura ruwan zuwa birnin Katsina. Shekara 38 ke nan! Wanda aka haifa ranar da aka gama madatsar ya riga ya aurar da 'ya.

Ba ma jin haushin mutanen birni, su ma ƙishi suke ji. Abin da muke cewa shi ne, ribar Zobe ga manomin Barkiya ko Birchi ko Tsauri tana cikin albasa da tumatir da alkama na rani, waɗanda za su riƙe saurayi a gida.

Akwai kuma batun tsaro. A Satumba 2021, Kurfi da Dutsin-Ma na cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layin waya saboda 'yan bindiga. Mai noman rani kuwa a bakin ruwa yake wuni, wani lokaci har ya kwana yana gadin injinsa. Muna roƙon Gwamna Dikko Raɗɗa da ya haɗa aikin magudanan ban-ruwa da tsaron gonaki a kasafi ɗaya, ya kuma bayyana wa jama'a ƙauyukan da ruwan zai kai.