Ilmin Likitanci Ba Gādon Kowa Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Goron Dutse ya san cewa idan cutar yana ta rufe idon dattijo, har ta kai sai jika ya ja masa sanda zuwa masallaci, daga ƙarshe asibitin ido na Sabon Gari ake nufa da shi, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1943 a bayan ganuwa, kasancewar ba a yarje wa 'yan mishan zama cikin birni ba.

Abin lura shi ne, a ƙasar Sin ma ta ido aka shiga, domin a 1835 Likita Peter Parker, ɗan mishan daga Amurka, ya buɗe asibitin ido a Kanton. Mutanen Sin sun yi ɗari-ɗari kamar yadda iyayenmu suka yi, kuma da hujjarsu, tunda manufar masu asibitin ta yaɗa addininsu ba ɓoyayya ba ce. Amma samarinsu suka zauna suka naƙalci aikin fiɗa, cikinsu har da Sun Yat-sen, wanda ya yi karatu a can a 1886 kafin ya zama jagoran jamhuriyarsu, har makarantun suka koma hannun 'yan ƙasa.

Mu ma ta Wusasa, inda almajiran Likita Miller ɗan mishan suka zauna, muka sami Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu; sai dai tsoron abin da ke bayan allura ya sa akasarin gidajen Musulmi suka makara, alhali Imamu Gazali ya lissafa ilmin ɗibbu cikin farali kifaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai a kansa.

Ra'ayina shi ne, adalci ya wajabta mana yaba wa wanda ya yi jinyar kutarenmu a Yadakunya ko da mun saɓa da aƙidarsa, hikima kuma ta wajabta kada mu dawwama muna jiran jinƙan baƙo. Attajiran da ke rige-rigen gina masallatai su tuna cewa waƙafin da zai ɗauki nauyin ɗalibi, musamman 'ya mace, a tsangayar likitanci ta Jami'ar Bayero sadaka ce mai gudana, kuma da ita ne al'umma za ta sauke wannan farali daga wuyanta.