Ba sai ka iya zamiya ba, amma kada ka miƙa wa waya ragamar tafiyarka

Yawancin tallan wuraren shaƙatawa na tsaunukan Alps masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yake nunawa, har mutum ya ɗauka wanda bai iya ba babu abin da zai kai shi. Ni ban yarda da haka ba. Ɗauki Zermatt a Suwizalan: jirgin ƙasan Gornergrat, wanda aka buɗe a 1898, yana hawa da kai sama da mita 3,000, kuma daga tashoshinsa akwai hanyoyin ƙafa da aka daddaɓe ƙanƙararsu. Inda ba a daddaɓe ba, sai ka yi hayar faffaɗan takalmin da ake ɗaurawa a ƙasan naka, wanda ke baza nauyinka don kada ƙafa ta nutse. Duk mai iya tafiya zai iya wannan.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke dogara da waya a irin wannan wuri. A matsayina na mai rubuta manhaja, na san taswira ba ta wuce bayanan da aka loda mata. Layin da Google Maps ya zana maka zai iya zama hanyar bazara ce, wadda a hunturu ƙanƙara ta binne, ko ta ratsa gangaren da ke iya zaftarewa. A Suwizalan ana yi wa hanyoyin hunturu alama da alluna da sanduna ruwan hoda. Idan waya ta ce dama, sanda ta ce hagu, bi sanda. Wanda ya kafa ta ya taka wurin da ƙafarsa.

Sai batir. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone don ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. Sanyi na rage kuzarin sinadaran batirin litiyom, shi ya sa waya mai sauran caji kan mutu farat ɗaya. Ka sa ta a aljihun ciki kusa da jikinka, pawa bank ma haka. Kada ka jona caji tana daskare, domin hakan na lalata batir.

Wani zai ce ai sababbin wayoyi, daga iPhone 14 ta 2022, suna aika saƙon neman ɗauki ta tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, a ƙasashen da aka buɗe tsarin. Amma wayar da ta mutu ba ta aika komai, kuma neman ɗauki yana zuwa ne bayan an shiga matsala. Rigakafi ya fi magani.

Wayar tana da amfani idan aka yi mata shiri tun daga masauki. Sauke taswirar swisstopo yadda za ta buɗe ko babu sabis. Duba White Risk, manhajar cibiyar SLF da ke Davos, wadda ke nuna hatsarin zaftarewar ƙanƙara daga mataki na 1 zuwa na 5. Haddace lambar gaggawa 112. Faɗa wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka, domin rana na faɗuwa da wuri a hunturu.

Kuɗin da za ka zuba a sabuwar kyamara, gara ka sayi tabarau mai tare hasken rana, tunda farar ƙanƙara na mayar da shi cikin ido har ya ƙona. Haɗa da takalmin da ba ya shan ruwa da safar hannu. In kuma kana son fita daga hanyar da aka yi wa alama, ɗauki ɗan jagora na gari ka biya shi.