Lahadi muna coci, Litinin muna sa hannu

1/ Jiya bayan sujada, a zumuntar matasa, wata ƙanwarmu da ta samu aiki kwanan nan ta yi tambaya: yaya za ta riƙe bangaskiyarta a ofis da ba ruwansa da addini? Amsoshin da aka ba ta sun hana ni barci da wuri. Zaren nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. 🧵

2/ Wani ya ce ta ɗora Littafi Mai Tsarki a kan tebur kowa ya gani. Wata ta ce ta sa waƙar yabo a wayarta, duk wanda ya kira ofis ya ji. Wani kuma ya ce kada ta yarda a sa ta aiki ranar Lahadi ko da za a kore ta. Aka yi ta tafi. Ni dai na yi gum, don shekarun baya irin amsar da zan bayar ke nan.

3/ Ba wanda ya tambaye ta wane aiki take yi. Da muka fito na tambaya. Sashen sayo kaya aka sa ta, rasit zai riƙa bi ta hannunta. Ni kuma sito nake kula da shi a wani kamfani a nan Kaduna, don haka na san abin da ke jiran ta, kuma tsakiyar mako zai same ta.

4/ Bari in ba ku nawa labarin. Kamfaninmu da janareta yake numfashi, kamar kowa. In tanka ta kawo dizal, aikina in zura sandar awo a tankinmu kafin a juye, in sake zurawa bayan an juye, in rubuta abin da ya shiga, in sa hannu. Sai akanta ya ga sa hannuna zai biya ɗan kwangila. Aikin ke nan, yaro ma zai iya.

5/ Farkon 2024 ne, dizal ya riga ya haura N1,000 kowace lita. Takarda ta ce lita 5,000. Sanda ta ce 4,300. Na goge sandar na sake zurawa, 4,300 dai. Na kwashi takarda na nufi ofishin ogana da sauri, a raina na kama ɓarawo.

6/ Ogan nan dattijon ikilisiya ne. Ba coci ɗaya muke zuwa ba, amma ɗarikarmu ɗaya. Shi ya karɓi takarduna lokacin da nake gararamba bayan bautar ƙasa, shi ya sa baki aka ɗauke ni. Mamata har yau in tana addu'ar dare sai ta ambaci sunansa. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana.

7/ Ya tura ƙofa ya ce, "Ɗana, zauna. Kai sabo ne. Tun kafin ka zo haka ake yi. Nawa ne albashinka? Ka taɓa ganin masu kamfanin nan sun ji tausayin wani? Sa hannu kawai, Allah ya san halin da muke ciki." Da yamma ina cikin keke napep alat ya shigo. N40,000.

8/ Na sa hannu, har sau biyu. Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ɗauka waliyyi ne ke rubutu. Na biya kuɗin makarantar ƙanwata, na kuma cire zakka daga ciki na kai coci. A watannin nan Littafi Mai Tsarki yana kan teburina, kowace safiya ina ɗora aya a WhatsApp, ban taɓa fashin sujada ba. Duk shawarar da aka ba yarinyar nan jiya, ina bin ta cif.

9/ Wanda ya taka mini birki mai kula da janaretanmu ne. Musulmi ne, dattijo, ba ya yawan magana. Karo na uku yana tsaye ina zura sanda, sai ya ce, "Malam, ni fa abin da inji ya sha nake rubutawa. Ranar da aka zauna lissafi bai haɗu ba, ko ni ko kai." Ya ɗaga kai ya kalli kalandar coci da na manna a bangon sito, ya ce, "Na ɗauka ku ma an hana ku."

10/ Ba gori ya yi mini ba, tambaya ce tsakani da Allah. Wa'azi nawa na ji a rayuwata, babu wanda ya sa na ji kunya irin ta ranar. Na rubuta abin da sanda ta nuna, na sa hannu a kan wannan, hannuna yana rawa.

11/ To ga ra'ayina, wanda zai ji haushi ya ji. Mu matasa Kiristoci mun mayar da bangaskiya a wurin aiki abin ratayawa: sitika, sarƙar gicciye, waƙa a waya. Ba laifi ba ne, ni ma ina da su. Amma duk arha ne, ba wanda zai rage maka albashi a kansu. Inda abin yake da tsada shi ne layin da ake sa hannu, kuma a nan ne ba a cika yi mana wa'azi ba.

12/ Ku buɗe Daniyel sura 6. A makarantar Lahadi ramin zakuna aka koya mana, da tagar da yake buɗewa ya yi addu'a sau uku a rana. Amma ku tsaya a ayoyi biyar na farko. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya ɗora mutum uku a kansu su riƙa karɓar lissafi don kada sarki ya yi asara. Daniyel ɗaya ne cikin ukun. A yaren yau, mai binciken kuɗi ne a gwamnatin da ba ta san Allahnsa ba.

13/ Da maƙiyansa suka tashi kayar da shi, aikinsa suka fara tonawa. Suka bincika, ba ha'inci, ba sakaci. Sai da suka rasa abin kamawa a nan suka ƙulla makirci a kan addu'arsa. Mu kuwa muna ɗokin a tsananta mana saboda addu'a, alhali in aka buɗe fayil ɗinmu ba sai an kai ga maganar addu'a ba. Ni a watan Maris na 2024, minti goma ya isa a gama da ni.

14/ Haka a Luka sura 3. Masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su bar aiki su bi shi jeji ba. Ya gaya wa na haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma su daina ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Tuba ce da ake aunawa da rasit.

15/ Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne daga ina jarabar ta fito. Kullum ana tsorata mu da "duniya", wai ofis cike yake da marasa bi masu jiran su ja mu. Ni nawa gwajin da "ɗana" ya zo, daga bakin mutumin da yake tsayawa ya raba Jibin Ubangiji. Da wani daban ne ya ce in sa hannu, da tun ranar farko na ƙi, har in zo nan in rubuta muku cewa ana tsananta mini.

16/ Shi ya sa kalmar "ɗan'uwa ne cikin Ubangiji" take ba ni tsoro a ofis. Da ita ake rufe sata, da ita ake ba wanda bai cancanta ba kwangila, da ita ake tsallake wanda ya fi iya aiki don sunansa bai yi kama da namu ba. In an yi mana haka a wani wuri, mu cika intanet da kuka, kuma da gaskiyarmu, don ana yi. Amma in mu ne da biro a hannu sai mu kira shi taimakon juna.

17/ Ni yanzu ina ganin kamfani da ba ruwansa da addini alheri ne a gare mu. Dokarsa ɗaya ce ga kowa: ka zo da wuri, ka yi aikinka, kada ka ci amana. Tsarin mulkin 1999 ma a sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Inuwar da take kare ni inda muke 'yan kaɗan ita take kare abokin aikina inda su ne 'yan kaɗan.

18/ Don haka addu'ar safe ta dole da wasu masu kamfani suke tara ma'aikata a kai, har a rubuta sunan wanda bai zo ba, ban yarda da ita ba ko da fasto na ne yake jagoranta. Ku juya abin, a ce ku aka tilasta wa tsayawa a ibadar da ba taku ba don tsoron albashi. Kun san irin zaren da za ku rubuta a nan.

19/ Wa'azi a lokacin aiki ma haka. Awannin nan an saye su, na mai kamfani ne. In kwastoma yana tsaye kana can kana muhawarar addini, lokacin wani ka ɗauka. Akwai hutun rana, akwai hanyar gida. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa ya yi mu zauna a shirye mu amsa wa wanda ya tambaye mu, cikin tawali'u da ladabi. Ashe sai an ga wani abu tukuna ake tambaya.

20/ Maganar Lahadi kuwa ta fi sauƙi a kan yadda muke kumbura ta. A sashenmu ba manajan da ya tsara mana komai. Ni nake riƙe wa abokin aikina ranar Juma'a ya je masallaci, in riƙe masa ranakun Sallah, shi kuma ya riƙe mini safiyar Lahadi da Kirsimeti. In ke nas ce aka sa ki aiki ranar Lahadi, 'yar'uwa je ki duba marasa lafiyarki. Yesu kansa ya warkar da mutane ran Asabar, aka kuma yi masa surutu a kai.

21/ Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Kai ba ka san yunwa ba." Na sani. Kuɗin mota kaɗai yana cinye kusan rabin abin da wasunmu suke ɗauka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mai albashi ɗaya yana riƙe da uwa da ƙanne huɗu. Ba zan tsaya a kan kowa da bulala ba, ni da na riga na karɓa sau biyu. Amma kada mu sa wa abin suna mai daɗi. Ni lokacin "tagomashi" nake ce masa, har godiya na yi a kansa.

22/ Ikilisiyoyinmu ma suna da hannu. Matashi mai albashin N90,000 ya zo ba da shaida ya sayi mota cikin shekara ɗaya, mu tashi da guɗa, ba dattijo ɗaya da zai ja shi gefe ya ce, "Ɗana, yaya aka yi?" Wanda kuma ya ƙi cin haram yana nan da takalminsa ɗaya, ana yi masa kallon wanda addu'arsa ba ta da ƙarfi.

23/ Masu jiran in ce daga baya Allah ya ba ni ƙarin girma, ku yi haƙuri, ba haka labarin ya tafi ba. Baba ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwata. Aka mayar da ni ƙaramin sito na kayan gyara, aikin dare. Da aka yi ƙarin albashi sunana bai fito ba. Mamata ta kira tana tambaya me na yi wa mutumin da ya taimake mu, na rasa ta inda zan fara. Wani ne yake zura sanda yanzu, ban san me yake rubutawa ba, ban kuma tambaya ba. Wannan shirun ma yana damuna.

24/ Ƙanwata, in kina karantawa: ranar farko da aka kawo miki rasit da ba ki gane ba, ki ce "bari in duba" ki fita waje ki sha iska. Kada ki sa hannu a tsaye. Ki riƙe kwafin duk abin da ya bi ta hannunki. Ki nemi mutum ɗaya mai gaskiya a ofis ɗin ki riƙe shi, kada ki damu da inda yake ibada. Ƙin farko ya fi sauƙi, don bayan kin karɓa sau ɗaya suna da igiyar da za su ja ki da ita.

25/ Saura N80,000 ɗin. Zakka na Luka sura 19 da ya tuba, maganar mayar da abin da ya ƙwata ya yi, har ninki huɗu. Ni ko ninki ɗaya ban mayar ba tukuna. Na tara N55,000 a gefe tun bara. In na kai wa akanta sai na yi bayani, in na yi bayani sunan Baba zai fito, nawa aikin ma ƙila ya tafi. Masu aikin lissafi a cikinku, da wanda ya taɓa shiga irin wannan, ku same ni ta akwatin saƙo. Ta wace hanya ake mayar da irin kuɗin nan?