Jikokin bayin Barazil sun riƙe nasu, mu a Kafanchan me muka riƙe?



Tun da aka kawo shawarar a ware wani abu daga asusun ƙungiya don naɗar muryoyin dattawanmu da tattara tsoffin hotuna da takardun garin nan, magana biyu ce ke ta yawo a zaurukanmu na WhatsApp. Wasu sun ce tarihi ba ya cika ciki, gara a ƙaro kujeru da rumfunan haya. Wasu kuma sun ce tone-tone ne, zai tayar da abin da ya kwanta. Mu ba mu yarda da ko ɗaya ba, kuma hujjarmu za mu ɗauko ta daga wajen mutanen da suka fi mu shan wahala nesa ba kusa ba.

A tsibirin Legas akwai unguwar da ake kira Popo Aguda, wajen dandalin Campos da titin Bamgbose. Mutanen da suka kafa ta bayi ne da aka 'yanta a Barazil, suka tsallako teku suka dawo a ƙarni na 19. Ba Yarabawa kaɗai aka kai can ba. Bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804, an sayar da Hausawa masu yawa zuwa jihar Bahiya, kuma Hausawa ne suka shirya tawayen da asirinsa ya tonu a birnin Salvador a 1807, su ne kuma a gaba a na 1814. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin birnin, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a jikinsu. An murƙushe su kafin rana ta yi nisa. Aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka kori 'yantattu da dama zuwa Afirka, wasu kuma suka biyo baya da kuɗin kansu.

To, mutumin da aka sayar, aka canza masa suna, aka sake koro shi, me ya rage masa? Amma ku je ku gani. Sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki, suka gina gidajen bene da har yau ake zuwa kallo. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wani magini daga cikinsu, João Baptista da Costa, shi ya jagoranci aikinsa. Babban masallacin Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, da fasalin ginin Bahiya aka yi shi. Har yanzu jikokinsu a Legas na dafa frejon, wake da madarar kwakwa, a ranar Juma'ar da ke gabanin Ista, suna kuma fitowa bikin Fanti da kaya masu launi. A Akra ana kiran 'yan uwansu Tabom, suna da sarkinsu, suna da gidan tarihinsu a Jamestown, kuma Shugaba Lula na Barazil ya kai musu ziyara a 2005. Tsohon zakaran damben duniya Azumah Nelson jininsu ne. Shugaban Togo na farko, Sylvanus Olympio, shi ma daga irin wannan zuriya ya fito.

Kafin wani ya ce ai bikin Kiristoci ne muke tallatawa: ba wanda ya ce mu sa abin rufe fuska mu yi rawa a titi. A cikin Aguda akwai Musulmi akwai Kirista, wani lokaci a gida ɗaya, kowa na addininsa, amma sun san jirgi ɗaya ya kawo kakanninsu. Garin da ya ga abin da Kafanchan ta gani bai kamata ya raina wannan ba.

Yanzu ga wurin da ya fi yi mana ciwo. Muryar Hausawan nan na Bahiya da ta iso mana, yawancinta ta hannun wasu ta biyo: takardun 'yan sanda da na kotu, sai kuma littafin wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, wanda ya fito a 1851. Ya zauna da bayi Hausawa, suka ba shi labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su har bakin teku. Kun san abin da ya fi ɗaukar hankalinsa, har ya sa shi a sunan littafin? Wai ko gaskiya ne akwai wata al'umma masu wutsiya a tsakiyar Afirka. Mutane sun rabu da iyaye da 'ya'ya, shi wutsiya yake tambaya. Haka abin yake idan baƙo ne ke riƙe da alƙalami, tambayar da ta dame shi ita zai yi.

Mu ma haka ake mana. Ku buga sunan Kafanchan a intanet ku ga abin da zai fito: rikicin Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi, rikicin 1999, rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011 da ya cinye kasuwa. Kamar garin ba shi da wani labari sai na wuta. Ina labarin layin dogo da ya haɗe a nan a 1927, ya mai da wurin mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos? Ina labarin tasowar fadar Jama'a daga tsohon gari zuwa Kafanchan a 1933, da gidajen da suka biyo ta? Ina na direbobin jirgi da masu zuba gawayi da masu gyaran layi, da 'yan citta, da mahauta, da matan da suka ciyar da fasinjoji a tasha suka aurar da 'ya'ya da ribar tuwo? Waɗanda suka san wannan da bakinsu 'yan kaɗan ne suka rage, kuma duk shekara muna raka wasu maƙabarta. Kujerar roba in ta karye a sayo wata a kasuwa. Tsoho in ya tafi da abin da ke kansa, a wace kasuwa za a sayo?

Masu tsoron tone-tone suna da wata gaskiya, ba mu ƙi ba. Tarihin yankin nan akwai ɗaci a cikinsa, har da harajin bayi da masarautar Jama'a ta riƙa kai wa Zazzau kafin zuwan Turawa, kuma maƙwabtanmu ba su manta ba. Amma shirunmu bai sa maganar ta kwanta ba. Ana faɗarta a taruka, ana rubuta ta a littattafai, yaranmu na cin karo da ita a Facebook ba su da abin cewa sai zagi, don ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu mai daɗin da mara daɗin. Yaron da bai san komai ba shi ya fi saurin ɗaukar dutse. Al'ummomi 29 da suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a Maris 2016, sai da kowacce ta faɗi abin da ke ranta kafin a kai ga takarda.

Ku dubi maƙwabta. Kagoro na yin Afan duk 1 ga Janairu, 'ya'yansu na tahowa daga Legas da Abuja har da ƙetare. Ham na da Tuk Ham a Kwoi, Atyap na da Ayet. Mu kuwa in an sauka daga hawan Sallah shi ke nan sai wata shekara. 'Yan uwanmu da suka koma Kaduna da Kano da Abuja da Saudiyya, musamman bayan 2011, Allah ya saka musu, ba sa wasa da gudummawar biki da ta jinya. Amma 'ya'yan da suka haifa a can, da yawansu ba za su iya nuna ƙofar gidan kakansu ba. Aguda sun kusa shekara ɗari biyu da dawowa suna sane da sunan birnin da aka bautar da kakanninsu, mu ko shekara ashirin ba a yi ba yara sun fara cewa Kafanchan garin da baba ya taɓa zama ne.

Masu cewa a bar wa gwamnati kuma, su ji abin da ya sami Ilojo Bar a Legas. Gini ne na Aguda, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A Satumba 2016, a jajibirin babbar Sallah, aka kawo katafila aka baje shi. Takardar gwamnati ba ta tare komai ba. Wanda ya leƙa tasharmu ta jirgi da gidajen ma'aikatanta kwanan nan ya san ba mu da dalilin sakin jiki.

Abin da ake nema bai kai kuɗin rumfa biyu ba: na'urar ɗaukar murya mai kyau, kuɗin mota, da ɗan alawus ga samari biyu da mata biyu, don iyayenmu mata ba za su saki jiki da namiji ba, kuma rabin labarin yana wurinsu. Duk dattijon da aka naɗa shi zai faɗi abin da za a fitar da wanda za a ajiye. A yi kwafi uku, ɗaya a sakatariya, ɗaya a miƙa wa fada, ɗaya a nemi Gidan Arewa a Kaduna su karɓa, saboda mun ga yadda wuta ke yi wa abin da aka tara a wuri guda. Idan dattawan maƙwabta da suka yi aikin jirgi tare da iyayenmu sun yarda a naɗe su, mu je da gaisuwa mu naɗa.

Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan a taro mai zuwa, kuma muna roƙon masu adawa su zo su faɗi hujjarsu a gaban jama'a, ba a bayan waya ba. Kafin nan, duk mai tsohon hoto, ko katin aikin reluwe, ko rasiɗin haraji, ko wasiƙar ajami a ƙasan akwati, ya kawo sakatariya bayan La'asar. Za a ɗauki hotonsa a gabansa, ya koma gida da abinsa.

Sakatare