Amanar Takardun Sawaba

Ya ku 'yan'uwa na Kantin Kwari da ofisoshi, akwai amana a wuyanmu. Tun kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, iyayenmu na Fagge da Sabon Gari suka adana katunan jam'iyya, da hotuna, da waƙoƙin neman sawaba cikin ajami. Yau ga su a akwatuna, gara na ci. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta ishe mu ishara. Gidan Mumbayya, makwancin Malam Aminu Kano tun 1983, yana hannun Jami'ar Bayero. Lalle mu kai su can a kwafa, don jikokinmu su san wahalar da aka sha. Allah Ya sa mu dace.