Ƙaro da ƙarfe a kan miki: kada mu yi gaggawa

Ƴan'uwa manoma, rauni abokin aikinmu ne. Mai noman rani a Jiratawa, inda fili fiye da hekta 500 ke shan ruwan famfo, yana wuni da ƙafa cikin taɓo. Mai lambu a fadamar Tibiri yana fama da lauje da ƙaya. Yanka kaɗan ne, amma in ya yi ruwa sai ya zama gyambo. Gyambo kuwa yana iya kwantar da magidanci damina guda, gona ta tafi ga haki.

Yanzu masu bincike a ƙasashe da yawa suna haɗa wani sabon abin ɗaure miki. Abu biyu suke gamawa.

Na farko abu ne mai danƙo da ake samu daga itace ko dabba. Akwai wanda ake cirowa daga ɓawon ƙaguwa, akwai na ciyawar teku, akwai na auduga. Akwai kuma ƙaro, wannan dai da yaranmu ke ɓamɓarowa a jikin dakwara. Aikinsa shi ne ya rufe miki ya riƙe ɗan laima. Da can ana zaton sai miki ya bushe ƙayau yake warkewa. A shekarar 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga sabuwar fata ta fi saurin rufewa in akwai laima mai tsabta.

Na biyu garin ƙarfe ne. Kun san yadda iska ke cin ƙarfe ya yi tsatsa. To, tutiya ma tana da irin tata tsatsa, amma fara ce. Ita ce ke cikin farin man nan da ake shafa wa jarirai in gindinsu ya yi ja. Masana suna mai da ita ƙanana ƙwarai. A raba kaurin silin gashi ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne girman ƙwaya guda. In ta yi ƙanƙanta haka, tana manne wa ƙwayoyin cuta, ta huda jikinsu, su mutu. Ƙaron kuma yana hana garin dunƙulewa, yana sakinsa sannu a hankali. Haka ake yi da tagulla.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda magungunan da muka saba da su sun fara kasawa. Yawan shansu barkatai ya sa ƙwayoyin cuta sun saba da su.

Labari ne mai daɗi, amma ga inda nake jin tsoro. Wani zai ji an ce ƙaro da ƙarfe, sai ya ce ai muna da su. Ya jiƙa ƙaro ya liƙa a miki, ko ya fasa tsohon batir ya barbaɗa baƙin garinsa. Wannan ganganci ne. Ƙaron dawa yana ɗauke da ƙura da ƙasa. Ƙasa da kashin dabbobi kuwa nan ne gidan ciwon tetanos, mai sandarar da wuya da muƙamuƙi, mai kisa. Garin batir guba ne. Ko tutiyar ma, in ta yi yawa, tana kashe sabon naman da ke tsirowa. Abin da masana ke wahala a kansa shi ne tacewa da awo, kuma ba a yin su a tsakar gida. Mafi yawan waɗannan haɗe-haɗe ma har yanzu suna ɗakin gwaji, ana jarraba su a jikin ɓeraye. Saboda haka duk mai talla da ya kawo muku gari a leda ya ce shi ne sabon maganin, ku riƙe kuɗinku.

A ganina masu ilimi ya kamata su motsa. Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Muna da asibitin Danja, wanda ya daɗe yana jinyar gyambon masu kuturta. Ƙaro kuwa daga ƙasashenmu na Sahel yake fita ɗanye cikin buhu, wasu su gyara shi su sami riba. Bai kamata a yi binciken ƙaronmu a can nesa kawai ba, mu jira a sayar mana da tsada. Mu kuma manoma, in mun zo sassabe, mu bar dakwara ta tashi.

Kafin wannan rana, in kun yanke, ku danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ku wanke da sabulu da ruwa mai kyau, ku yi ta kwarara ruwan har datti ya fita. Ku rufe, kada ƙuda su sauka. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da buɗe kafso a zuba. In yankan ya yi zurfi, ko ƙusa ce ta soke ku, ku je gidan likita ranar nan, ku tambayi allurar tetanos. In wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, kada ku kwana. Mai ciwon sukari da wanda ƙafarsa ba ta jin zafi, su duba tafin ƙafa kowace yamma, domin ƙaya tana iya shiga ba su sani ba.